Bik ko Markar: Wane Rubutu Ke Dawowa Daga Bakin Kogi?

Idan Sallar Layya ta rage saura kwana goma, duk shagon telan da ka leƙa a Yamai, a Bukoki ne ko Zango ko Talaje, abu ɗaya za ka tarar. Yadi a kan tebur, yadi a ƙarƙashin tebur, yadi cikin buhu an jingine bayan ƙofa, har kujerar baƙo an ɗora mata nata kason. Rabin kayan farar shadda ce, sauran kuma ruwan sararin samaniya da ruwan toka, launukan da kowane magidanci ke ganin shi kaɗai ya zaɓa. Abin da ya raba shaddar wannan da ta wancan bai wuce faɗin yatsa biyu ba: ɗan ƙyallen da aka rubuta suna aka soke da allura, ko rubutun da aka yi a bakin yadin. In rubutun nan ya ɓace ko ya dagule, ranar jajibiri akwai shari'a.

Alƙaluma biyu ke rabon wannan aiki a garin nan. Akwai bik, wanda ke maƙale a kunnen tela ko ɗaure da zare a jikin keke don kada yara su yi gaba da shi. Akwai kuma markar, mai kaurin jiki da warin da ke hawa kai, wanda aka buga wa kalmar "permanent" a gefe, wato alkawarin ba ya goguwa. Wanda bai taɓa asarar yadi ba zai ce ai zaɓin a fili yake: ga abin da aka yi don ya dawwama, ga kuma alƙalamin ƴan makaranta na dala ashirin. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru, sai da wata shadda ta koya mini karatu.

Sunayen nasu ma da labari. Mutanen Kano da Katsina suna cewa biro, mu nan muna cewa bik, kuma kowa sunan mutum yake kira bai sani ba. László Bíró ɗan jarida ne ɗan ƙasar Hungary, shi ya yi rajistar alƙalami mai ƙwallo a baki a 1938. Ingilishi suka riƙe sunansa, ya biyo su har Najeriya. Marcel Bich kuwa mai masana'anta ne a Faransa, ya sayi haƙƙin ƙirar, ya gyara ta, ya fito da Bic Cristal a ƙarshen 1950, ya datse harafin ƙarshe na sunansa ya raɗa wa kayansa. Iyakar da Turawa suka ja tsakanin Maraɗi da Katsina ta raba har sunan abin rubutu. Markar ƙanensu ne: Magic Marker ya fito a Amurka a 1953, Sharpie ya biyo baya a 1964. Kuma babu ko ɗaya cikinsu da aka ƙera saboda yadi. Bik na takarda ne, markar na kwali da gilashi da roba da ƙarfe. Mu muka ja su zuwa shagon ɗinki, kowanne aikin aro yake yi, sai dai a duba wa ya fi iya aikin da ba nasa ba.

Tawadar bik mai kauri ce, kamar man kaɗanya da ya fara sakin jiki. Ba ta fita sai ƙwallon bakin ya juya, ɗan mitsitsin ƙarfe mai tauri da faɗinsa bai wuce milimita 1 ba. Inda ya taka nan yake ajiye ta, inda ya ajiye ta kuma nan take zama. Markar kuwa lagwani ne. Duk wanda ya taɓa gyara fitilar ƙwai ya san yadda kananzir ke hawa lagwani ba wanda ya tura shi. A cikin markar akwai soso jiƙe da tawada mai ruwa-ruwa, wadda aka narkar da launinta cikin alkol, bakin kuma daga soson yake tsotso. A jikin jarka ko gilashi, alkol ɗin yana bin iska kafin ka rufe murfi, ya bar launi da ɗan danƙon da ke riƙe shi. To amma yadi ma lagwani ne. Da bakin markar ya taɓa shi, zare ya karɓi tsotson, tawada ta bi saƙa gabas da yamma, ta nutsa ƙasa, ba ta tsayawa sai alkol ɗin ya ƙare. Wannan shi ne naso.

Shekarun baya na kai farar shadda mita biyar wani shago, ta riga da wando. Maigidan ba ya nan, yaronsa ya karɓa. Ya auna ni, ya ɗauko baƙin markar, ya rubuta sunana a kusurwar yadin yana ninke, da manyan baƙaƙe, har da ja masa layi a ƙasa. Na ma ji daɗi, na ce a raina yaron nan ya san aiki, kayana ba za su shiga na wani ba. Ranar da na koma karɓa, maigidan ya taro ni tun daga ƙofa, ya sauke yadin da ke kan kujera, ya aika a sayo mini ruwan sanyi. Tela ya yi maka irin wannan karɓa ana jibi Sallah, ka san akwai magana.

"Malam, sai haƙuri," ya ce. "Yaron nan ya yi mana aika-aika."

Ya warware rigar a kan tebur. Ashe sunan nawa ya ratsa ninki huɗu. A na farko baƙi wuluk, a na biyu ruwan toka, a na uku kamar inuwa, a na huɗu ɗigo-ɗigo kamar kashin ƙuda. Ya yi iyakar dabararsa: biyun farko ya yanke su sun tafi cikin ragowa, na uku ya tura shi cikin kalmasar ƙafar wando, amma na huɗun ya faɗo daidai ƙasan aljihun gaba, inda babu wurin ɓoyewa.

"Maigida, ba ya fita da wanki?"

"Wanda ake so ya zauna shi ke fita, Malam. Wannan kam ya zauna."

A gida aka gwada da alkol ɗin kanti da auduga. Ɗigon ya narke, ya baje, ya zama tabo mai faɗin kwabo, gefensa ruwan shanshanbale. Na yi Sallar nan hannuna a kan ciki kamar mai fama da kumallo.

Tun daga nan na fara lura da hannun teloli. Tsofaffin hannu kusan duk bik suke riƙewa, kuma ba sa rubutu a tsakiyar yadi. Ko dai a bakinsa, wannan siririn gefen da masaƙa ta tsuke, wanda dama za a yanke ko ya shige cikin ɗinki, ko a wani ƙyalle daban da aka tsinto ƙarƙashin keke. Dalilinsu ya wuce tsoron naso. Suna kaɗai ba ya raba gardama a Yamai. Shago ɗaya zai iya tara Musa biyar da Abdu bakwai da Hamadu uku cikin mako guda, Hajiya kuwa ba a ƙirga ta. Dole a haɗa da lambar waya, kuma lambar wayar Nijar lambobi 8 ce. Ga awo kuma: tsawo, kafaɗa, hannu, wuya, ƙugu. Duk wannan a ƙyallen da bai kai tafin hannun jariri ba. Da bik za ka jera su tsaf a layi uku. Da markar, lamba huɗu sun cinye wurin, kuma naso yana rufe cikin 3 ta koma 8, ya rufe bakin 6 ita ma ta koma 8, ya sa 1 ta yi kama da 7. Kuskuren lamba ɗaya a waya, ka kira wani bawan Allah a Zinder. Kuskuren lamba ɗaya a awo, hannun riga ya tsaya a gwiwar hannu.

Kada a ce na ɗaure wa bik gindi. Shi ma da nasa halin. A kan sabuwar shadda mai sheƙi, irin ta Getzner da ake kawowa daga Ostiriya ko wadda ta sha rini da bugu a Bamako, ƙwallon yana zamewa bai juya ba, ya yi rubutu ya tsallake, ka koma ka bi sawu har sau uku. A kan leshi da yadi mai sako-sakon saƙa, bakinsa yana harɗe zare. Yana son a shimfiɗa ƙyallen a kan abu mai tauri, a ja shi da yatsu biyu ya miƙe, abin da telan da mutum goma ke tsaye a kansa ba koyaushe yake da lokacinsa ba. Sannan rubutunsa siriri ne. Ƙarfe biyun dare, idanu sun yi ja, wuta ta ɗauke ana haskawa da waya, maigidan da ya haura hamsin yana neman kayan wani a cikin buhu uku: a wannan lokaci zai so a ce da markar aka rubuta, don shi daga ƙofa ake hango shi. A kan atamfa mai duhu kuwa duk biyun makafi ne, sai alli ko farin ƙyalle.

Amma ƙyallen tela gajeren rai gare shi. Mako biyu, uku, an karɓi kaya an jefar da shi, bai taɓa ganin ruwa ba. Jarrabawa ta gaskiya tana bakin kogi.

Wanda ya bi Gadar Kennedy da hantsi ya ga masu wanki a gaɓar kogin Isa, da kayan mutane shimfiɗe a ƙasa kala-kala kamar an baza kasuwa. Tun kafin a buɗe gadar a 1970 ake wanki a kogin nan, kuma tsarin aikin bai sauya sosai ba. A jiƙa, a saɓa da omo ko sabulu, a maka a kan dutse ko katako, fararen kaya a tsoma su a ruwan jabel, a ɗauraye, a sa bula, a shanya a rana, wasu a sa musu sitati, da yamma a bi su da dutsen guga na gawayi. Kowane mataki a nan maƙiyin tawada ne. Mai wanki guda yana ɗauke da kayan gida goma ko fiye a ƙunshi ɗaya, kuma da yawansu ba su dogara da boko ba. Alama suke sa wa kowane gida a cikin wuyan riga ko ƙugun wando: ɗigo biyu, gicciye, layi uku, da'ira mai wutsiya. Wani dattijo da ya daɗe yana mana wanki, na tambaye shi me ya sa yake bin alamarmu da bik kusan duk wata.

"Baba, ba gara ka sa markar sau ɗaya ka huta ba?"

Ya yi dariya. "Ɗana, in na sa wancan, ɗigo biyunku zai haɗe ya zama ɗaya. Ɗigo ɗaya kuma na wani gida ne."

Gani ya kori ji, sai na yi nawa gwajin. Na yanki ƙyalle biyu, ɗaya farar auduga zalla, ɗaya mai santsi na roba-roba irin wanda kamfanoni ke yin tambarin wuyan riga da shi. A kowanne na rubuta lambobi takwas na ƙarya sau uku: da shuɗin bik, da baƙin bik, da baƙin markar na kasuwa. Aka ɗinke su jikin wani tsohon zanen gado da ke zuwa kogi duk mako. Tun kafin a je ko'ina markar ya nuna halinsa, musamman a kan mai santsin, inda kowace lamba ta fito da gashi kamar gizo-gizo. Bayan wankin farko baƙinsa ya juya ruwan makuba, ya yi wa kansa rawani ja-ja a kewaye. Shuɗin bik shi ya fara sarewa: wata guda ya koɗe, sai ka kai shi kusa da ido. Baƙin bik ya fi shi juriya, ya koma toka-toka, amma kowace lamba tana nan da siffarta. Da aka yi wata biyu, na markar ne ya fi fitowa daga nesa, wannan gaskiya ne, sai dai abin da ake gani tabo ne mai tsawo, kamar sawun tafiyar tana. Na bik ya kusa tafiya, amma abin da ya rage ana karanta shi. Ɗaya ya zauna ya daina magana, ɗaya yana tafiya yana magana har bakin ƙofa.

Dalilin juyewar launin nan ba ɓoyayye ba ne. Baƙin da ke cikin irin waɗannan alƙaluma galibi haɗin rini ne kala-kala, shuɗi da ja da ɗorawa, aka gauraya suka ba da baƙi. Ruwa da rana da jabel ba sa cin su lokaci ɗaya, wanda ya fi rauni ya fara tafiya, sai na ƙasa ya bayyana. Tawadar bik ma rini ce, cikin sinadaranta har da dangin shuɗin maganin nan da ake shafa wa yara a miki, kuma wannan dangi ba ya jure hasken rana. Mu kuwa rana ce abin da muka fi kowa. Kayan da aka shanya a gaɓar kogi daga hantsi zuwa la'asar a watan Afrilu sun sha hasken da rigar Bature ba ta sha a wata guda.

Malamanmu na allo sun daɗe da sanin cewa tawada iri biyu ce, tun kafin a haifi Bíró. Akwai ta allo, gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, wadda aka yi ta musamman don ta wanku, almajiri ya haddace ya wanke a sake masa wani. Akwai kuma wadda ake dafawa da bagaruwa da ƙarfe, wadda ke kama takarda ta zauna. Dukawa da majema sun san wannan haɗi a jikin fata, kuma a majemar Gamkalle da ke bakin kogin nan har yau bagaruwa ce uwar aiki. Abin lura shi ne, baƙin gawayi kansa ba ya koɗewa, rana ba ta cinsa, jabel ba ya cinsa. Abin da ke sa tawadar allo ta wanku shi ne ƙaron da ke riƙe ta yana narkewa a ruwa. Da za a sami ƙaron da ruwa ba ya narkarwa, da an gama magana.

Abin da masu ƙera alƙalamin yadi na ainihi suka yi ke nan. Maimakon rinin da ke narkewa, sai suka sa garin launi mai laushin gaske, suka haɗa shi da danƙon da in ya bushe, ko ya ji zafin guga, yake ƙanƙame zare. Kamfanin Sakura na Japan ya fito da Pigma a 1982 a kan wannan dabara ta garin launi, kuma masu ɗinkin barguna na gado a Amurka suna yawan sa hannu da shi a ƙyallen da suke liƙawa a bayan aikinsu. Kamfanin edding na Jamus yana da lamba 8040, wanda ya ce rubutunsa yana jure wanki har a ruwa mai zafin digiri 95. Sharpie ma yana da nasa na wanki daban, mai suna Rub-a-Dub, wanda wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa su kansu ba su ɗauki na kullum a matsayin na yadi ba. Waɗannan ma markar ake ce musu, amma bakinsu siriri ne, kuma ba su da nason ɗan'uwansu. Matsalar ita ce samu. A teburan Babbar Kasuwa da Katako da Wadata, abin da ke zube shi ne na kwali. Na yadi sai an bi shagunan kayan ofis an tambaya, ko a yi saƙo, kuma kuɗin ɗaya zai saya maka bik da yawa. Wanda zai nema ya duba jikin alƙalamin da kyau. Kalmar "permanent" ko "indélébile" ba ta ce komai game da wanki ba. In bai ga "textile" ko "linge" ba, ko hoton riga, to na buhu ne.

A da can Turawan Ingila da wata tawada suke sa wa zannuwan gado da tawul shaida, mai sinadarin azurfa, wadda haske da zafi ke ƙara mata baƙi maimakon su cinye ta. Wannan sinadari kowa a Nijar ya san shi ko bai san sunansa ba, don shi ne jigon tawadar zaɓe, irin wadda wani kamfani a Mysore ta Indiya ke yi tun 1962. Wanda ya dangwala yatsa ranar zaɓe ya kuma goga a farar rigarsa, ya san abin da ake nufi da rashin goguwa.

Akwai wani maƙiyi da ba a cika tunawa da shi ba, kuma a wurinmu ya fi jabel kusa: turare. Ƙyallen suna a ina ake ɗinka shi? A cikin wuyan riga. Turare a ina ake fesa shi? A wuyan riga. Turaren fesawa kuwa yawancinsa alkol ne, wato ruwan da tawadar markar ta fito daga cikinsa tun farko. Fesa biyu ranar Juma'a, ga gumi, sai tawadar da ta yi wata uku a bushe ta farka ta fara tafiya, ta ratso ta waje. Bik ma alkol yana narkar da shi, shi ya sa ake cire tabonsa da alkol, amma tawadar da ya ajiye kaɗan ce, ɓarnarta ba ta kai ta markar ba. Ni dai yanzu duk abin da za a rubuta a rigata, a can ƙasa ake sa shi, cikin ɗinkin gefe, nesa da wuya da hammata.

Zafin garin ma yana da nasa hukunci a kan alƙaluman kansu. A Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi ke haura digiri 40 kullum, bik da aka bari a rana ko a aljihun mai babur yana iya amai, ya ɓata aljihu. Markar kuwa da hunturu yake mutuwa. Yaro ya bar murfin a buɗe rabin yini cikin busasshiyar iskar Janairu, ka dawo ka tarar da bakin ya ƙeƙashe. A shagon da yara biyar ke aiki, markar ba ya tsufa. Bik ko murfinsa ya ɓace tun ranar farko, yana nan yana aiki har tawada ta ƙare, kuma ƙarewar da nisa, tunda guda ɗaya yana jan layin da ya wuce kilomita 2.

Inda markar ya ci gari babu gardama, shi ne inda ake son a hango ba a karanta ba. Je ka tashar mota a Wadata ka ga buhuna da kwalaye da za su Maraɗi da Tawa da Agadas, kowanne da suna da lamba baro-baro. A nan bik abin dariya ne. Haka lokacin aikin Hajji, in alhazai suna shirin tashi daga filin jirgin Diori Hamani: jaka iri ɗaya, buhu iri ɗaya, dole a rubuta NIGER da manyan baƙaƙe a ƙara NIAMEY a ƙasa, don ma'aikacin da bai san bambancinmu da maƙwabta ba kada ya tura kayan Kano. Amma ko a nan, da aka zo kan harami, farin mayafi biyu da kowane namiji ke da irinsa, sai a koma ƙaramin rubutu a bakin yadi, don ba wanda ke son ya yi ɗawafi da tabo a kafaɗa. Ɗaliban da ke kwana a Jami'ar Abdou Moumouni, can Harobanda, inda igiyar shanya ɗaya ke ɗaukar kayan mutum da yawa, su ma abin da ya fi musu shi ne harafi biyu manya a ƙugun wando ko gefen tawul, inda naso ba ya cutar da kowa. Harafi biyu ko sun nashe ana gane su. Lamba takwas ce ba ta yafewa.

Marina kam sun fita daga wannan gardama tuntuni. Abin da zai shiga tukunyar rini ya fito shuɗi ko kore, wace tawada za ta rage a jikinsa? Su ƙulli suke yi a kusurwa, ko su soka zare su ɗaure. In da za a bi ta tawa, duk abin da ake son ya shekara, kamar kayan makarantar yara, a kai wa mai keken surfani ya zana harafin da zare, a huta. Sai dai wannan wani zance ne, kuma ana jibi Sallah ba mai surfanin da zai saurare ka.

Tsakanin biyun da ke kan tebur kuwa, ni bik na zaɓa, baƙi ba shuɗi ba. Na san zai koɗe, na yarda in riƙa bin sawunsa lokaci-lokaci kamar yadda dattijon nan ke yi. Koɗewa ana gyara ta cikin minti ɗaya, naso kuwa ya ci mini shadda mita biyar. Kuma akwai ƴan dabarun da ke ƙara masa kwana. Ƙyallen ya zama auduga mai tsukakkiyar saƙa, a wanke shi tukuna, don sabon yadi yana zuwa da sitatin masaƙa, tawada ta hau kan sitatin, wankin farko su tafi tare. A yi rubutun kafin a ɗinka ƙyallen a jikin riga, a kan tebur, da kwali a ƙarƙashi. A bar shi ya kwana, sannan a ɗora wani ƙyalle a kai a danna dutsen guga. In an dace da alƙalamin yadi na gaske, haka ake yi masa shi ma, kuma shi ne gugar ta fi yi wa amfani.

Yaron da ya rubuta sunana a shaddar nan yanzu ya buɗe shagonsa, da yara uku a ƙarƙashinsa, kuma wurinsa nake kai ɗinki. Bana da na je, na ga bik biyu ɗaure da zare a jikin keke. Na tambaye shi ina markar. Ya ja aljihun tebur da mabuɗi ya nuna mini, yana kwance kusa da kuɗin ciniki. Ba ya fitowa sai an gama ɗinki, an ninke, an sa a leda, sannan ya rubuta sunan a jikin ledar da hannunsa.